An ce ba a ƙara harajin VAT ba, to me ke ɗaga kuɗin kaya a Kasuwar Gumi?

Alh_MaiTurmi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah wanda ya sani ya amsa mini da Hausar da zan gane. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Jiya da la'asar wata Hajiya da ta fi shekara goma tana sayayya a wurina ta zo haɗa lefen ɗanta. Na sauko mata da turame, ta shafa, ta ɗaga a haske, ta ware guda shida. Da na faɗi kuɗi sai ta ajiye jaka ta ce, "Alhaji ku ji tsoron Allah. A rediyo na ji da kunnena an ce sabuwar dokar haraji ba ta ƙara VAT ba, dala ma ta lafa. To ku me kuke ƙarawa?" Wallahi na rasa bakin magana. Ni dai na san idan na je sari Kantin Kwari, dila ce mini yake yi kuɗin fito, wato harajin kwastam, ne ya ƙaru, ni kuma in dawo Kaduna in ɗora. Shin gaskiya diloli ke faɗa mana, ko suna fakewa da guzuma ne suna harbin karsana? Kuma harajin nan, a ƙarshe wa ke biyansa?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Wa ke biya kuwa in ba mu ba, Alhaji? Hajiyar nan ta yi mini daidai. Ku 'yan kasuwa in dala ta tashi da safe, kafin azahar kun sauya farashi. In ta sauka sai ku ce tsohon sari ne.

Dan_Kawo:
An ƙara VAT mana. Ya koma kashi 10 tun farkon shekara, kowa ya sani.

Akanta_Barnawa:
Dan_Kawo, a'a, ba haka ba ne. VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan abin da ka saya, na nan a kashi 7.5 cikin 100. Abin da ka ji yana cikin daftarin farko da aka kai Majalisar Tarayya a watan Oktoban 2024, wanda ya nemi a kai shi 10, daga baya 12.5, har ya kai 15 a 2030. Majalisa ta cire wannan. Dokokin huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda biyu daga cikinsu suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun bar shi yadda yake. Ƙarin ƙarshe da aka yi wa VAT shi ne na Fabrairun 2020, lokacin da ya tashi daga 5 zuwa 7.5. Don haka Hajiya ta ji daidai. Amma jin daidai ɗin bai warware tambayar Alhaji ba.

Dan_Kawo:
To na karɓi gyara. A majalisar shayi na ji.

Ejan_Kakuri:
Alhaji ranka ya daɗe, ni aikina ke nan, fitar da kwantena, don haka bari in ɗan tsawaita.

Mutane na kallon kason haraji, mu kuwa canjin da ake lissafi da shi muke kallo. Kaya da dala aka sayo shi, amma kuɗin fito da naira ake biya. Saboda haka Hukumar Kwastam na da farashin dalar da take juya ƙimar kayanka da shi, kuma daga Babban Banki yake fitowa. Kafin watan Yunin 2023 naira 422 ne. Da aka saki naira sai ya dinga hawa, a 2024 ya haura 1,500. Akwai lokacin da za ka kwana da lissafi ɗaya ka tashi da wani.

Ga misali mai sauƙi. Ka ɗauka kayanka da kuɗin jirgi da inshora sun kama dala 10,000, kuma kason fitonsa 20 ne. A canjin 422, ƙimarsa naira miliyan 4.22 ce, fito naira 844,000. A canjin 1,500 ƙimarsa miliyan 15, fito miliyan 3. Kason bai motsa ba, 20 ɗin nan ce, amma abin da za ka zaro daga aljihu ya ninka fiye da sau uku. Sannan VAT ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake ɗora shi ba, a kan kaya haɗe da fiton ne. Wato miliyan 18 za a cire wa kashi 7.5, ya ba ka miliyan 1.35, alhali a da bai kai 400,000 ba. Ban sa ƙananan caje-caje ba, irin rabin kashi ɗaya na ECOWAS, ban sa kuɗin tasha da na kamfanin jirgi da na tirela ba.

To ka ga mai cewa ba a ƙara VAT ba ya yi gaskiya, dilanka mai cewa fito ya ƙaru shi ma ya yi gaskiya.

Ummu_Hanan:
Malam Ejan na ji bayaninka. Amma ai kai da bakinka ka ce 2024. Yanzu dalar ba ta kai yadda ta kai a lokacin ba. Ina ragin?

Ejan_Kakuri:
Hajiya, a nan kam ba zan kare kowa ba. Ta ɗan sauko, amma ba ta koma ko kusa da 422 ba, wannan ɗaya. Na biyu, wanda wuta ta taɓa ƙonawa in ya ga toka sai ya tsallake. Dila da ya taɓa yin odar kaya da lissafi ɗaya, kafin jirgi ya iso tashar Apapa ta Legas lissafin ya tashi, ba zai yarda ya rage da wuri ba. Yana ajiye wani abu a farashi saboda gobe. Na uku kuma, akwai haɗama, ba na musu.

Alh_MaiTurmi:
Allah ya saka da alheri Malam Ejan. Wannan lissafin sai na kwafe shi a takarda na liƙa a shago. Ummu_Hanan kuma ki yi mana adalci, ni ba ni da kwantena. Dila biyu nake saro wa, in ya yi yawa uku.

Sani_Panteka:
Ku ba ku ga komai ba. Ku tambayi masu kayan gyaran mota da masu shigo da tokumbo. Tun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, dole sai ta ruwa. Sannan a 2022 aka kawo tsarin da kwamfuta ke yanke ƙimar mota da lambar jikinta, babu sauran ka zauna da jami'i ku daidaita. Motar da malamin makaranta ke iya saye da bashin albashi a da, yanzu sai dai ya gan ta a titin Ahmadu Bello ta wuce. Mu dai a Panteka abin ya zame mana gobarar Titi, kowa tsohuwarsa yake kawowa a yi mata faci.

Malama_Rigasa:
Tambayata ga Akanta. An ce an cire wa abinci da magani da littattafan makaranta VAT. Ni ban ga mudun shinkafa ya canza ranar 1 ga Janairu ba. Ko a Abuja kawai aka cire?

Akanta_Barnawa:
Malama, dalilin shi ne da ma can ba a karɓar VAT a kan abincin yau da kullum. Mudun geron da kike awo a Kasuwar Barci bai taɓa ɗaukar VAT ba. Abin da ya canza na cikin littafin kamfani ne. A da kayan nan "an yafe musu" ne, yanzu kuma an sa su a kason sifili. Bambancin: mai injin casar shinkafa yana biyan VAT a kan injin da ya saya, da buhunan da yake zubawa, da gyaran da ake yi masa. A tsohon tsari ba ya iya neman a mayar masa, sai ya cusa shi cikin kuɗin buhu ba tare da kin sani ba. A sabon tsari yana da damar neman a mayar masa. In an mayar ɗin a kan lokaci, kuma in shi ma ya ji tsoron Allah, sai ragin ya iso gare ki. "In" biyu ke nan, kuma kowace tana da nauyi.

Ga Alhaji kuma: ƙaramin ɗan kasuwa ba a ɗora masa karɓar VAT daga masu saye ba. Tun 2020 wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba an ɗauke masa, sabuwar doka ma ta ɗaga iyakar. Amma hakan ba ya nufin atamfarka ba ta ɗauke da shi. An riga an biya a tashar ruwa, yana kwance cikin kuɗin sari. Shi ya sa ake ce masa harajin da ba a gani. Ba wanda ya miƙo wa Hajiya rasit, amma ita ta biya.

Manomi_Saminaka:
Ku kuna kukan kaya ya yi tsada, mu muna kukan namu ya faɗi. A watan Yulin 2024 gwamnati ta ce ta ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a goge ba. Mutanen birni suka yi murna, ban ga laifinsu ba, yunwa ake ji a lokacin. Amma mu fa? Mun sayi taki da tsada, mun sayi maganin feshi da tsada, mun biya leburori. Na noma masara da bashin taki, da kaka ta zo na loda buhuna a a-kori-kura zuwa kasuwa, farashin da aka taya ko kuɗin takin bai mayar ba. Na tsaya har yamma ina jiran ko wani zai ƙara, ƙarshe na sayar da rabi don kada in biya kuɗin mota sau biyu. Bana na rage gonar masara na zuba waken soya, shi ba ya cin taki haka. Maƙwabtana da yawa haka suka yi. In masara ta yi ƙaranci baɗi kada wani ya zo zauren nan ya ce manoma sun ɓoye.

Ummu_Hanan:
Baba manomi Allah ya mayar da alheri. Amma ka tuna lokacin da magidanci ke shiga kasuwa da kuɗin mudu uku ya fito da ɗaya. Ba don an buɗe ɗin ba da ban san inda za mu kai ba.

Manomi_Saminaka:
'Yata, ban ce a bar ku da yunwa ba. Cewa na yi in za a sauke kuɗin abin da nake sayarwa, a sauke na abin da nake saye. Ba a aske wa mutum gefe ɗaya a ce ya fita kasuwa.

Baba_Masaqa:
Ina karanta ku tun ɗazu, jikana ke rubuta mini. Maganar manomin nan ta tuna mini da namu. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Yaran yanzu ba za su yarda ba in an ce musu da an busa jiniyar tashi, titi cika yake yi da kekuna har mota ba ta samun hanya. Masu abinci, masu faci, masu gidan haya, duk a jikin masaƙa suke ci. Masaƙar KTL tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, ga UNTL, ga Arewa, ga Nortex. Audugar Funtuwa da Gusau nan take zuwa. Atamfar da Alhaji ke zuwa Kano sarowa, wadda aka buga a Sin, da a bayan gidansa ake yin irinta.

Me ya kashe su? Kowa da abin da zai ce. Wuta, baƙin mai, tsofaffin injuna. Amma ni da idona na ga lokacin da kayan waje suka cika kasuwa, wasu ta ƙofa wasu ta taga, da zanenmu da tambarinmu a jiki, a rabin kuɗinmu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Don haka in na ji ana cewa a rage kuɗin fito kaya su yi araha, sai in ce to, araha ce, amma mun taɓa sayen irinta da aikinmu.

Alh_MaiTurmi:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Mahaifina ma atamfar Kaduna ya fara sayarwa. Har yau akwai turmi ɗaya a akwatin mahaifiyata, kalarsa ba ta koɗe ba.

Injiniya_Mando:
Baba ina girmama ka, amma bari in ɗan saɓa. An gwada rufewa ai. An hana shigo da yadi na shekaru, an rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, Babban Banki ya hana dala ga jerin kayayyaki tun 2015 har sai da aka janye a Oktoban 2023. Masaƙa nawa ta tashi a Kakuri a tsakanin nan? Katanga ba ta noma gona. In babu wutar lantarki mai araha, ko ka kai fito kashi 100 abin da za ka samu shi ne 'yan fasa-ƙwauri su yi kuɗi, talaka ya sayi abu ɗaya da tsada.

Baba_Masaqa:
Ɗana, ban ce katanga na noma ba. Amma gonar da babu shinge, ko ka zuba taki awaki za ka yi wa.

Hajiya_Maradi:
Tunda an zo maganar iyaka bari in sa baki. Ni ina kai kayan roba da na kicin Maraɗi ta Jibiya, in dawo da abin da ya sawwaƙa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Watannin nan jarina narkewa ya yi ina kallo. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, har sun sa nasu harajin na rabin kashi ɗaya a kan kayan da ke shiga musu daga waje. Wannan ba shi ke damuna ba, don rubutacce ne, ka san shi ka shirya masa. Wanda ba a rubuta ba shi ne bala'in. Tafiyata ta ƙarshe na ƙirga shingaye har na gaji na bari. Kowane shinge da irin kayan da ke jikin masu shi, wasu ma ba kaki, sanda ce kawai da gungume. Direba ya sauke gilashi, ya miƙa, a ɗaga. Takarduna cikakku suna cikin jaka, ba wanda ya ce in nuna. Da na yi magana a wani wuri sai aka ce a sauke kayan duka a duba, muka yi awa biyu a rana ina tsaye kan robobina. Tun daga nan na koyi yin shiru. Alhaji in kana neman abin da ke cikin farashi, ka sa wannan a lissafinka, Malam Ejan bai rubuta shi ba.

Direban_Tirela:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Daga Legas zuwa Kaduna kafin in tayar da mota sai mai kaya ya ware mini "kuɗin hanya" daban da na mai. Kuma ba daga aljihunsa yake fita ba, kowa ya san inda yake komawa.

Ejan_Kakuri:
Hajiya ban rubuta shi ba ne don ba shi da kaso, ya danganta da fuskar wanda ka tarar. Amma kin taɓo inda ke yi mini ciwo. Muna da tashar tsandauri a nan Kakuri, Buhari ya buɗe ta a Janairun 2018. Manufar ita ce ɗan kasuwar Arewa ya rubuta Kaduna a takardar jirgi, kwantena ta sauka a Legas ta wuce kai tsaye, a buɗe ta a nan, a biya fito a nan. Abin da zai sa ta yi armashi shi ne jirgin ƙasa, don jirgi ba ya tsayawa a shinge. To sabon layin dogo daga Legas ya tsaya a Ibadan, namu ya tashi daga Abuja ya tsaya a Rigasa, tsakiyar babu. Sai tsohon layin Turawa, ko kuma a koma kan tirela. Ran da aka haɗa tsakiyar nan, ku zo ku tambaye ni farashin turmi.

Sani_Panteka:
Malam Ejan, wai ina labarin kashi 4 ɗin nan da aka yi ta hayaniya a kai?

Ejan_Kakuri:
Yana cikin dokar Kwastam ta 2023, kashi 4 na ƙimar kaya a tashar da aka loda su, don gudanar da hukumar. An fara karɓa a Fabrairun 2025, aka yi ca, aka dakatar. Aka dawo da shi a Agusta da cewa zai maye gurbin wasu tsofaffin caji biyu, na kashi 1 da na kashi 7. A Satumba Ministan Kuɗi Wale Edun ya ba da umarnin a sake dakatarwa. Mutane sun ji 4 ya maye gurbin 1 da 7 sun ɗauka sauƙi ne. Ina! Shi 7 ɗin a kan kuɗin fito ake cire shi, shi kuwa 4 a kan kuɗin kayan gaba ɗaya. A misalin da na bayar ɗazu, 7 na miliyan 3 naira 210,000 ne, 4 na kusan miliyan 15 kuwa ya doshi 600,000. Kuma wannan kwan-gaba-kwan-baya shi kansa haraji ne, don ba ka san da wanne kayanka za su iso ba. Haka aka yi da harajin kashi 15 na fetur da dizal ɗin waje, aka amince a Oktoban 2025, aka janye a Nuwamba.

Dalibi_KASU:
Ni abin da ban gane ba, in VAT bai ƙaru ba, me gwamnoninmu suka taru a nan Kaduna suna ƙi?

Akanta_Barnawa:
Rabo ne, ƙanina, ba kaso ba. Taron da gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024 kan yadda za a raba kuɗin ne tsakanin jihohi. Daftarin farko ya ce kashi 60 na rabon jihohi ya bi inda aka samo harajin. Suka ji tsoron Legas za ta kwashe, tunda can manyan kamfanoni ke da hedikwata. Ka sayi katin waya a Tudun Wada, VAT ɗinsa a lissafa shi a Legas. Gwamna Zulum ya fi kowa ɗaga murya a lokacin. Kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele kuma na cewa ai gyaran da suke so ke nan, a riƙa lissafawa a inda aka yi amfani da kayan. Ƙarshe aka tsaya a haka: tarayya ta sauko daga 15 zuwa 10, jihohi suka hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi 35. A tsakanin jihohi kuma rabi a raba daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka ci kayan.

Dalibi_KASU:
Ke nan duk katin da na saka Kaduna na samun wani abu?

Akanta_Barnawa:
In kamfanin ya rubuta cewa a Kaduna ka saka. Shi ya sa dokar ta matsa kan rasit na kwamfuta. Matsalarmu a nan yawancin cinikinmu ba ya shiga littafin kowa. Shanu, hatsi, tumatir, duk a baki ake yi, kuma da ma ba sa ɗaukar VAT.

Admin_Zaure:
Jama'a a kula, na goge saƙonni biyu. Ba zagin jam'iyya ko yanki a nan. Tambayar Alhaji kan farashi ce.

Maman_Kachia:
Ni citta nake tarawa ina sayar wa masu fitarwa waje. Ku kuna maganar abin da ke shigowa, ba wanda ya ambaci abin da ke fita. Cutar da ta kama citta a 2023 ba mu gama farfaɗowa ba, sai ga labarin Amurka ta sa wa kayan Najeriya harajin kashi 14, daga baya 15. Ko cittarmu Amurka za ta ko Indiya, mai saye ya samu abin faɗa, da shi yake taya mana. Ƙawata mai tara ƙwarar kaɗanya ita tata ta fi muni. A Agustan 2025 aka wayi gari an hana fitar da ɗanyarta na wata shida, wai a riƙa sarrafawa a gida. Niyya mai kyau ce, amma ita buhunanta na ɗaki, farashi ya faɗi a mako ɗaya. Da an ba da sanarwa tun kafin mata su shiga daji tsinta, da da sauƙi.

Injiniya_Mando:
Wannan shi ne abin da nake faɗa wa Baba. Kowace doka aka yi don kare wani, wani ake dannewa.

Baba_Masaqa:
Kuma kowace aka cire don sauƙaƙa wa wani, wani ake kora gida. Ni aka kora, shi ya sa na sani.

Zee_Collections:
Don Allah tambaya kaɗan, ni a Instagram nake sayar da jakunkuna da mayafai, ƙananan oda nake yi. Gaskiya ne an daina karɓar fito a kan ƙaramin saƙo?

Ejan_Kakuri:
Gaskiya ne ƙanwata. Tun Satumban 2025 saƙon da bai wuce dala 300 ba an yafe masa, amma sau huɗu kawai a shekara, kuma ban da kayan da aka haramta. Kada ki raba babbar oda gida-gida don ki shige ƙarƙashinsa, suna lura. In kuma ta hannun masu kargo kike turowa, waɗanda ke haɗa kayan mutum hamsin su auna a kilo, to kuɗinsu na kilo ba zai canza don ke ba.

Ummu_Hanan:
Duk na karanta. Abin da na fahimta shi ne ejan ya ɗora wa dila, dila ya ɗora wa Alhaji, direba ya ɗora nasa, Alhaji ya ɗora mini. Ni kuma in juya ba kowa a bayana sai maigida, shi kuma albashinsa na nan inda yake.

Alh_MaiTurmi:
Ba duka nake iya ɗorawa ba, Hajiya. Akwai turamen da suka shekara a kanta, in na saka musu kuɗin yau ba mai taɓawa, in na sayar a kuɗin jiya ba zan iya mayar da irinsu ba. Shagon da a da yake cike har rufi, yanzu layi uku na sama kwalaye ne na jera don kada a ga rami.

Af, Hajiyar lefe ta dawo ɗazu da safe. Na karanta mata lissafin Malam Ejan daga waya, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta san wani canjin kwastam ba, in rage mata. Na rage abin da zan iya. Ta ɗauki huɗu a maimakon shida, ta ce sauran biyun a cike da shadda 'yar ƙasa in akwai. Na ce mata sai dai in tambaya.

Baba_Masaqa:
In ka samo ka gaya mini inda ake saƙa ta.

Ejan_Kakuri:
Alhaji in za ka koma Kwari, ka ce dilanka ya nuna maka takardar biyan fiton kwantenar ƙarshe, ka duba canjin da aka yi masa lissafi da shi da kwanan wata. In ya nuna, ka ɗauko hoto ka turo mini ta akwati in duba maka.

Alh_MaiTurmi:
Ranar Talata zan shiga in sha Allahu. Sai dai ka san halin mutanen, ina jin zai ce takardar na wurin yaronsa.